Gidan da Ba a Yar da Roba: Nazarin Wani Iyali da Tarin Mazubansu

Gidan da wannan nazari ya shafa na mutum bakwai ne: maigida da matarsa, 'ya'yansu huɗu, da mahaifiyar maigidan, wadda kowa ke kira Inna. Ba masu hali ba ne, ba kuma a ce musu matalauta ba. Abin da ya bambanta su da maƙwabta shi ne, a gidan ba a yar da mazubi. Gorar ruwa, kwalbar man shafawa, gwangwanin madara, jarkar man girki, bokitin fenti, galan ɗin bilic, duk wanda abin cikinsa ya ƙare sai a ɗauraye shi a kai sito. Inna ce ta kafa wannan doka tun kafin a auro matar gidan. In ta hangi jika ya nufi kwandon shara da roba a hannu, maganarta ɗaya ce: "Kai, dawo da ita nan, wata rana za ta yi amfani."

Na zaɓi gidan nan ne domin niyyarsu mai kyau ce, kuma abin da masana harkar shara ke roƙon jama'a su yi ke nan. Sai dai an yi shekara da shekaru ana tarawa ba tare da sharar gidan ta ragu yadda ya kamata ba, har aka wayi gari da ƙaramin yaro a gadon asibiti. Abin da nake son bi a hankali shi ne inda aka kuskure, da abin da ya canja bayan an gyara, da kuma abin da gyaran bai iya taɓawa ba.

Inna tana da gaskiya a asalin maganarta, kuma alƙaluma suna bayanta ko da ba ta taɓa jin su ba. A shekarar 2017 masana uku, Roland Geyer da Jenna Jambeck da Kara Lavender Law, sun ƙididdige robar da duniya ta ƙera tun daga wajen 1950 zuwa 2015, suka samu kimanin tan biliyan 8.3. Daga ciki, wajen tan biliyan 6.3 ya riga ya zama shara. Abin da aka sake narkarwa aka sarrafa bai wuce kashi 9 cikin 100 na wannan sharar ba, an ƙone kashi 12, sauran kashi 79 kuwa yana jibge a juji ko yana yawo a ƙasa da cikin ruwa. Ƙungiyar OECD, ta haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki, ita ma ta ce a shekarar 2019 kaɗai an samar da sharar roba tan miliyan 353, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nata mazubai ne da abubuwan naɗe kaya. Ke nan wanda ya jefa gora a bola yana cewa ai za a sake sarrafa ta, yawanci fata kawai yake yi. Sake amfani da ita a gida kuwa ba ya bukatar masana'anta ko motar ɗauka, ruwa da sabulu sun wadatar.

To amma ga yadda siton gidan ya koma. Buhuna cike da goruna sun kai rufi. Murafe suna cikin wata leda daban, gorunan suna wani wuri daban, ba wanda ya san wanne ne na wanne. Gwangwanayen da aka ajiye ba a shanya ba sun yi tsatsa sun manne da juna. Kyankyasai sun samu gida a cikin kwalayen da ke ƙasa. Da sito ya cika, sai aka fara jera bokitai da jarkoki a bayan ɗaki, baki a sama. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk da wannan tarin, matar gidan ba ta daina sayen sababbin robobi ba. In tana neman abin zuba sukari, ta buɗe sito ta ga ba za ta samu gora da murfinta cikin sauƙi ba, sai ta rufe ta aiki yaro ya sayo. Sannan sau ɗaya ko biyu a shekara, in abin ya ishi maigida, sai ya jira Inna ta fita unguwa ya kwashe buhu uku ko huɗu ya kai bola, wani lokaci ya cinna musu wuta a bayan gida.

A nan ne kuskuren farko yake. Ajiye mazubi ba ya rage shara sai in ya hana sayen wani. Robar da ta yi shekara uku a sito sannan aka ƙone ta, jinkirta zubar da ita kawai aka yi, aka kuma ƙara da hayaƙi mai guba a cikin gida, musamman in akwai robar PVC a ciki, wadda ƙona ta a buɗaɗɗiyar wuta ke fitar da wata guba da ake kira dayoksin.

Ranar da abin ya faru

Kuskure na biyu ya fi wannan muni. Da yake goruna sun yi yawa, duk abin da aka sayo na ruwa sai a juye shi a wadda hannu ya fara kai wa. Ta haka kalanzir ya samu shiga gorar lemo mai launin kore, da tambarinta a jiki, aka ajiye ta ƙarƙashin teburin ɗakin girki. Autan gidan yana ɗan shekara biyu da 'yan watanni. Ya san irin wannan gora sarai, ya san abin da ke cikinta mai zaƙi ne. Wata rana da azahar ana zafi, uwarsa tana shanya a tsakar gida, sai ta ji yana wani irin tari mai shaƙewa. Ta tarar da shi zaune da gorar a cinya, gaban rigarsa a jiƙe, bakinsa yana warin kalanzir.

Inna ta fito da gudu tana salati. "Kawo madara! A ɗura masa, a sa masa yatsa ya amayar!"

"Inna, don Allah ki yi haƙuri, kar a sa shi amai," in ji matar gidan tana rawar murya. "Mu tafi asibiti kawai."

Ta taɓa jin haka a wajen awon ciki, kuma shi ne daidai. Haɗarin kalanzir ba a ciki ya fi yawa ba, a huhu yake. Ruwa ne mara kauri, ɗigo kaɗan in ya zame ta maƙogwaro sai ya bazu a huhu ya ƙone shi, numfashi ya gagara. Sa yaro amai yana ba kalanzirin hanya ta biyu ta shiga huhun, haka ma ɗura masa mai ko madara yana kuka yana tari. Kuma wani lokaci yaro yakan yi kamar ya warware, sai bayan 'yan awoyi zazzaɓi da haki su taso. An cire masa rigar, aka wanke masa jiki, aka garzaya da shi. Ya kwana biyu ana sa masa iskar oksijin, Allah ya ba shi lafiya. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su ba ta tambayi me ya sha ba, warin ya riga ya faɗa mata. Abin da ta tambaya shi ne, "Mama, a cikin gorar lemo aka zuba, ko?" Irin wannan suna ganinsa a kai a kai.

Da aka dawo gida maigida ya rantse sai ya kwashe komai na sito ya zubar. Matarsa ce ta tare shi. Ta ce laifin ba na goruna ba ne, na rashin tsari ne, kuma in aka yi haka za a karya zuciyar Inna, wadda tun a asibiti ba ta iya cin abinci ba. Aka tsayar da shawara a fito da kayan duka tsakar gida a tantance.

Tantancewar

Tambayar da suka fara yi wa kowane mazubi ita ce: me aka fara zubawa a cikinsa? Duk wanda ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, maganin ɓera, baƙin mai, fenti, bilic ko ruwan batir, an ware shi gefe, ba zai ƙara kusantar abin ci ko ruwan sha ba. Wannan kowa ya yarda da shi a baki. Ɗaya ɓangaren dokar ne mutane ke mantawa, kuma shi ne ya kai yaron asibiti: mazubin abin ci ko abin sha ba zai ɗauki guba ba, ko da an yi rubutu a jikinsa, domin ɗan shekara biyu ba ya karatu, siffar gora yake ganewa. Kalanzir ya koma jarkar da aka yi dominsa, mai murfin da ake murɗawa da ƙarfi, aka ɗora ta inda hannun yaro ba ya kai wa.

An ɗan kai ruwa rana a kan wani galan mai kauri, mai hannu da murfi mai kyau, wanda aka sayi maganin feshin ciyawa a cikinsa. Inna ta daɗe tana sa ran za a riƙa ɗiban ruwa da shi.

"Na wanke shi da ruwan zafi da sabulu har sau nawa," in ji ta. "Shinshina ka ji, akwai wari?"

"Babu wari, Inna," in ji ɗanta, "amma ba hanci ne ke gane shi ba."

Irin waɗannan galan ana yin su ne da robar HDPE, wadda ke tsotse wani ɓangare na abin da ya daɗe a cikinta ta riƙa sakinsa a hankali. Shi ya sa ƙa'idar da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da hukumar lafiya ta duniya (WHO) suka shimfiɗa game da mazuban magungunan ƙwari ta ce a ɗauraye su sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, sannan a huda su don kada kowa ya sake amfani da su. Maigida ya ɗauko wuƙa ya huda galan ɗin a gindi. Inna ta juya baya ta shiga ɗaki. Na fahimci zafin da ta ji, domin a idonta abu mai kyau aka lalata, amma hudawar ita ce daidai. Da an kai shi bola lafiyarsa lau, wani ne zai tsince shi ya zuba wa 'ya'yansa ruwa.

Sai tambaya ta biyu, da me aka yi mazubin? A nan babbar 'yar gidan, wadda ke sakandare, ta yi rana. Ita ta nuna musu 'yar lambar da ke gindin yawancin robobi a cikin alama mai kusurwa uku. Masana'antun roba na Amurka ne suka fito da wannan tsari a 1988, daga 1 zuwa 7, kuma lambar tana faɗin irin robar ne kawai. Ba shaida ba ce cewa robar ba ta da illa, ba kuma alkawari ba ne cewa wani zai sake sarrafa ta.

Mafi yawan abin da ke cikin buhunan nan mai lamba 1 ne, wato PET, robar gorar ruwa da ta lemo. Ba ta son zafi. Da ta kai wajen digiri 70 sai ta fara laushi tana lanƙwashewa, wanda ya taɓa zuba mata tafasasshen ruwa ya gani da idonsa. Bakinta ƙarami ne, soso ba ya shiga, saboda haka in aka daɗe ana shan ruwa da ita ba a wanke ta sosai ba, ƙwayoyin cuta kan taru a ƙasanta da cikin zaren murfinta. Sun yanke cewa za a riƙa zuba mata ruwan sanyi na ɗan lokaci, da busassun abubuwa irin su hatsi da wake, in ta dushe ko ta karce a sallame ta daga ɗakin girki. Mai lamba 5, wato PP, ita ce ta fi jure zafi, domin sai ta haura digiri 150 take narkewa, ita aka bar wa ragowar abinci. Mai lamba 2, wato HDPE, da ta zo da abin ci tun farko, kamar jarkar man girki, ta ci gaba da aikinta. Mai lamba 3, wato PVC, da mai lamba 6, wadda ake yin farar roba mai kama da kumfa da ita, an hana su taɓa abinci mai zafi ko mai maiƙo. Lamba 7 tarkace ce, kowace irin roba da ba ta shiga shidan farko ba nan ake sa ta, har da wadda ke da sinadarin BPA da Tarayyar Turai ta hana sa shi a kwalbar shayar da jarirai tun 2011. Da yake ba su iya bambancewa ba, sai suka mayar da su wajen ajiye ƙusoshi da maɓallai.

Kwalba ce ta fi kowa cin jarrabawa. Gilashi ba ya tsotsar wari ko launi, ana iya dafa shi a ruwa na minti goma ya fito tas, muddin an sa shi tun ruwan yana sanyi, don in aka tsoma kwalba mai sanyi a tafasasshen ruwa tana iya tsagewa. Raunin kwalba yana murfinta, wanda kan yi tsatsa ta ciki ko ya riƙe warin abin da ya fara rufewa. Matar gidan ta jera kwalabe a rana baki a ƙasa, ta bar su har suka bushe ƙarau kafin ta zuba gishiri, sukari da kayan ƙamshi. Wannan shanyar ba ƙaramin abu ba ce, domin ɗigon ruwa ɗaya a gindin kwalba ya isa ya sa gari ya dunƙule ya yi fumfuna. Gwangwanaye kuwa, da zarar an buɗe su iska ta shiga, tsatsa ta samu ƙofa, don haka ba a bar su ga abinci mai ruwa ba. An daddanne bakinsu mai kaifi da guduma, aka huda gindin wasu aka yi renon tsirrai a ciki.

Tambaya ta uku ita ce ta rage tarin da gaske: wane aiki wannan zai yi a wannan watan? Wanda aka rasa amsarsa ya fita. An yanke wuyan wata gora ta zama mazurari. An yanke wani galan na man girki a karkace, da hannunsa, ya zama abin kwasar shara. An huda murafen wasu goruna da allura aka kifa su a gindin shuka suna ɗiga a hankali. Sauran, waɗanda suka fi rabi nesa ba kusa ba, an haɗa kowace da murfinta aka ba masu bukata, wasu aka sayar wa 'yan jari-bola. Akwai abu ɗaya da matar gidan ta nace a kai wanda ya burge ni: kwalaben magani da na man shafawa masu tambarin kamfani, sai da ta ɓare takardunsu kafin su fita daga gidan, saboda masu haɗa jabun kaya irin waɗannan suke nema su cika su sayar a matsayin na gaske.

Bokitan bayan ɗaki su ma sun ba da nasu labarin. Da aka leƙa, kusan kowanne da ruwan sama a gindinsa, 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki. Sauron da ake kira Aedes, mai yaɗa zazzaɓin dengi da na shawara, irin wannan wuri ya fi so. Yana manna ƙwansa a jikin mazubi dab da saman ruwa, ƙwan kuma yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba, yana jiran ruwa ya sake taɓa shi. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne. Saboda haka zubar da ruwan kaɗai bai isa ba, sai an goge cikin da soso. Yanzu duk abin da ke waje a kife yake, wanda ake tara ruwa a ciki kuma yana da murfi, ana wanke shi duk mako.

Abin da ya canja, da wanda ya ƙi

Dokar da ta riƙe gyaran nan ƙarama ce: kanta ɗaya aka ware wa mazuban da ba a fara amfani da su ba, kowane da murfinsa a kai. In kantar ta cika, sabo ba ya shiga sai tsoho ya fita. Inna ce aka ɗora wa kula da ita, kuma ina ganin wannan ne ya sa ta karɓi tsarin, don ba a ƙwace mata aikinta ba, iyaka aka yi masa. Matar gidan ta daina sayen robobin ajiya. An daina ƙona roba a bayan gida. Akwai ma wata riba da ba wanda ya yi tsammani: da yake ana ganin abin da ke cikin kwalba daga waje, an daina sayen abin da ake da shi, an kuma daina tarar da gari ya lalace a ƙullin leda a bayan kanta.

Amma ba zan ce kwandon sharar gidan ya koma fanko ba. Gida ɗaya kwalabe nawa zai iya cikawa da gishiri? Cikin 'yan watanni kowane aiki ya samu mazubinsa, goruna kuwa ba su daina shigowa ba. A Jamus ana iya sake cika kwalbar gilashi ɗaya har sau 50, gorar roba mai kauri da aka yi don haka kuma wajen sau 25, amma hakan yana yiwuwa ne domin akwai kuɗin ajiya da ake mayar wa mai saye in ya dawo da kwalba, akwai kuma masana'antar da ke wankewa ta sake cikawa. Uwar gida da sosonta ba za ta iya maye gurbin wannan ba, bai kuma kamata a ɗora mata laifin abin da kamfanoni suka ƙera don a yi amfani da shi sau ɗaya ba. Raguwar da aka gani a zahiri ta zo ne lokacin da sayayya ta canja: aka fara tafiya da jarkar gida a auno man girki da sabulun ruwa, yara kuma suka koma zuwa makaranta da gorar ruwa mai faɗin baki da ake iya wankewa.

Abin da ya rage a kwandon yanzu yawancinsa leda ce da ƙananan fakitin madara, na garin sabulu da na man wanke kai. Waɗannan an yi su ne da roba da siririn alminiyam a manne, ba su da murfi, ba sa tsayuwa, ba a iya raba su a narkar, 'yan jari-bola ma ba sa ɗauka. Matar gidan tana son a riƙa sayen babban gwangwani sau ɗaya a wata a juye a kwalba. Maigida ya ce ya ji, amma kuɗin babban gwangwani ba kullum yake haɗuwa a hannu lokaci ɗaya ba, kuma ya lura in yara suka ga kwalba a cike cokalinsu yakan yi nauyi. Sun gwada da garin sabulu abin ya yi, domin ba mai ɗiba don marmari. A kan madara kuwa har yanzu ba su daidaita ba, wani watan a sayi babba, wani watan a koma ƙananan fakiti.